Rantsuwar da Ake Jira Daga Jalingo

Gidan Tambaya, ta Bunkure
6 ga Oktoba

Zuwa ga Baffa Dalhatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maƙwabtanka na Jalingo. Mudassiru ne, babban ɗan ɗan'uwanka Muhammadu Sani. Rabonka da ni shekara bakwai, tun ranar da ka dawo mana da ƙanwata Uwa. In ka ga rubutun yana hawa yana sauka kada ka yi mamaki, ba wanda ya zaunar da ni a aji. A jikin buhun taki da kwalin maganin feshi na koya, sai tsofaffin littattafan Uwa.

Mu nan lafiya lau, ban da gwiwar Baba da take hana shi tsugunno a fangalin gona. Inna tana gaishe ka. An fara yankan shinkafa, irin tumatir ma ya isa dashe, ruwa kawai muke jira a sako mana.

Na so in kira ka a waya, sai Baba ya ce ƙarar janareton asibitin da kake kula da shi ta cinye maka kunne, ko an kira ka sai dai ka yi ta cewa na'am har kati ya ƙare. Shi ya sa na ba Baballe direba wannan, mai zuwa wajenku ɗauko wa masu injin casa na Kura shinkafa shanshera, wadda ba a casa ba.

Maganar ita ce, Uwa ta sami jami'a a Kano. Karatun ƙasa da ruwa za ta yi, wai ta dawo ta koya mana ban ruwan da muka gada. Mun yi murna kwana biyu, a na uku aka faɗa mana abin da rijista da ɗakin kwana za su ci, murna ta koma ciki. Sai muka ji akwai tallafin karatu na gwamnati. Muka je Kura wurin Salim mai kafen intanet, ya karanto mana sharuɗɗa: takardar samun gurbi, sakamakon jarrabawa, katin ɗan ƙasa, da shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Duk muna da su. Ya ɗora a kwamfuta, na biya shi, har na saya wa Uwa lemo a hanya.

Bayan kwana huɗu sai ga jan rubutu, wai bayanai ba su dace ba. Na ce wane bayani? Salim ya ce kwamfuta mutum biyu take gani. Takardun makaranta duk Uwa Dalhatu suka ce. Kati da shaidar asali kuwa Halimatu Sa'adiyya Muhammadu Sani. Ko kalma ɗaya ba su haɗa ba. Na zauna na yi masa bayani kamar yaro: sunan mahaifiyar Baba aka sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunan a gidanmu, Uwa ake ce mata. Tana shekara uku aka ba Baffanmu riƙonta, shi ya sa ta a firamare da sunansa, sunan ya bi ta har sakandare. Na ce kuma ga hotonta nan a duka biyun, hanci ɗaya ne. Ya ce kwamfuta ba ta duba hanci.

Daga nan kaina ya kulle, Baffa. Wani malamin makaranta ya ce sai dai ta sake jarrabawa da sunan gaskiya. Wani a tasha ya ce in dai sunan ma'aikacin gwamnati ne a takardarta to ba ta cikin waɗanda ake ba, na talakawa ne. Salim ya ce wannan ƙarya ce, amma da na ce ya nuna min inda aka rubuta ƙarya ce sai ya ce wuta ta ɗauke. Ni yanzu ban san ko ta cancanta ba, ban san ko ba ta cancanta ba, ban ma san wacce daga cikin biyun ce ta nema ba.

Abin da na sani guda ne. Ranar 15 ga Nuwamba za su rufe, jami'a kuma ƙarshen Nuwamba take rufe rijista. In tallafin nan bai fito ba gurbin ya tafi, don ko duk shinkafar bana muka sayar ba za ta kai ba, kuma me za mu ci?

Kai ne a aikin gwamnati, kuma kada ka ji haushi, kai ka fara rubuta sunan nan. Ka faɗa mana yadda za a yi.

Ɗanka,
Mudassiru

*

Jalingo
13 ga Oktoba

Ɗana Mudassiru,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso ni lafiya, kuma rubutunka ya fi na wasu da na sani masu satifiket. Allah ya yi maka albarka. Ina lafiya, kunnen ne dai kamar yadda Yaya ya faɗa. Ka duba min shi da gwiwa, ka ce ya riƙa gasa ta da ruwan ɗumi. Ka gaishe da Innarku.

Da na karanta cewa Uwa ta sami jami'a sai da na fita waje na tsaya. Na faɗa wa mutanen wurin aikinmu, na faɗa a masallaci, har mai shayin bakin asibiti ya ƙi karɓar kuɗina ranar. Ban yi mamaki ba. Tana aji biyu take karanta wa marigayiya matata Kulu rubutun jikin kwalbar magani. Allah ya jiƙan Kulu, da tana nan da unguwar nan ba ta zauna lafiya ba don guɗa.

Game da suna. Ranar da na kai ta makaranta hedimasta ya tambaye ni sunan yarinya, na ce Uwa, don ni ma ba na iya kiran sunan tsohuwa, ita ta goye ni ina ƙarami. Ya ce sunan uba, ya dube ni, ya rubuta nawa. Ban hana shi ba. Ban yi tunanin abin zai kai haka ba.

Shawarata ita ce, takardun makaranta sun fi yawa kuma sun fi wuyar taɓawa. Kati guda ɗaya ne. Ku je ofishin kati a mayar da shi Uwa Dalhatu, a sake shaidar asali ita ma ta bi shi, shi ke nan mutum biyu sun koma ɗaya. Shekara goma sha uku tana amsa sunan nan a aji, malamanta da ƙawayenta da shi suka san ta. Ku bar ta da shi. Ba abin da zai rage wa kowa.

Na sa wa Baballe yadi biyar na atamfa da takalmi, a ba ta. In takalmin ya yi mata kaɗan a ba wata, ƙafar da na sani ce na auna.

Baffanka,
Dalhatu

*

Gidan Tambaya
21 ga Oktoba

Baffa Dalhatu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Kaya sun iso, an gode. Takalmin bai shige ta ba. An sako ruwa ranar Laraba, mun dasa fangali goma sha biyu, sauran suna nan suna bushewa saboda yawon da shawararka ta sa ni.

Na je ofishin kati. Suka ce gyaran harafi daban, sauya suna gaba ɗaya daban, wannan sai da kotu da jarida da jira, kuma ba wanda zai ce min ga ranar da zai fito. Na ce to bari in fara da shaidar asali. Na je wurin mai unguwa Dattijo, don sai ya sa hannu kafin dagaci ya sa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mudassiru, ni na raba goron sunan yarinyar nan a ƙofar gidan ubanka. Yau kuma in dangwala hannu cewa 'yar Dalhatu ce? In hakimi ya tambaye ni yaushe Dalhatu ya haihu a unguwata in ce masa me?" Liman yana wurin, bai ma bari na amsa ba, ya ce addini bai yarda a danganta ɗa ga wanin ubansa ba. Na ce to shekara goma sha uku da ake dangantawa ina kuke? Dattijo ya ce in tashi masa daga tabarma.

Baba kuwa da na karanta masa takardarka, da na zo wurin da ka ce ba abin da zai rage wa kowa, sai ya ɗauki fartanya ya fita. Ni zan faɗa tunda shi ba zai faɗa ba. Riƙo aka ba ka, Baffa, ba kyauta ba. Shekara bakwai da ta yi a nan, waye ya kai ta sakandare a bayan keke, damina da rani? Wa ya sayar da tinkiyarsa aka biya kuɗin jarrabawa? Yanzu da jami'a ta kira sai a ce a bar ta da shi. Da faɗuwa ta yi za ka aiko a bar ta da sunanka?

Na bar wannan. Na shiga Kano sau uku ofishin masu tallafin. Ranar farko mai gadi ya ce a intanet ake komai. Ta biyu wanda zan gani ya tafi taro. Ta uku na zauna a bakin ƙofa na ce ba inda za ni, sai wata Hajiya mai tabarau ta ce in shigo kafin in tara musu jama'a. Ta duba takardun, ta ce ba mu ne na farko ba, rabin 'yan ƙauyen da ke zuwa wurinta riƙo ne ya raba musu suna. Ta ce maganar 'ya'yan ma'aikata babu ita. Abin da suke so su tabbatar shi ne mai jarrabawar nan da mai katin nan mutum ɗaya ce, kuma 'yar jihar nan ce. Don haka rantsuwa biyu za a kawo daga kotu. Ta uba, cewa shi ya haife ta kuma sunayen biyu duk nata ne. Da ta mai sunan da ke takardun makaranta, cewa ba shi ya haife ta ba, riƙo ya yi. Na ce ta rubuta min da hannunta don kada gobe a ce ni ne ban fahimta ba. Ga kwafinta nan na haɗo maka.

Ta Baba mun yi jiya a Bunkure, kuma da kana wurin da ka yi dariya ko da ba ka ji. Magatakarda ya ce, "Malam, faɗi sunan 'yarka." Baba ya dubi rufi, ya dubi takalminsa, ya ce, "Sunan tsohuwata gare ta."

"To mene ne sunan tsohuwar taka?"

"Irin nata."

"Malam, rantsuwa ka zo yi, dole in ji daga bakinka."

"Ranka ya daɗe, shekarata sittin da uku ban taɓa faɗa ba, ba a kotu zan fara ba."

Mutane suka yi ta dariya, ni kuwa kamar in nutse. A ƙarshe ni na karanta sunan da ƙarfi, Baba ya ce haka ne, ya dangwala yatsa, ya fita yana gumi kamar ya yi huɗa.

Saura taka. Layi uku ne, ba wuya. Ka je kotun da ke kusa da kai, ka rantse, a buga hatimi, ka ba Baballe. Ranar 29 zai juyo.

Mudassiru

*

Gidan Tambaya
2 ga Nuwamba

Baffa,

Salamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita, ta sauran ba zan yi maka ƙarya ba.

Baballe ya dawo ranar Alhamis. Na bar ruwa yana kwarara a gona na je na tare shi a Kura, ya buɗe min hannuwansa biyu babu komai. Ya ce ya ba ka takardar hannu da hannu, ka karanta a tsaye, ka ninke, ka sa a aljihu, ka ce bari ka duba man janareto. Ya jira ka har aka yi la'asar ba ka fito ba. Ranar da zai taso ya koma, aka ce ba ka nan. Kafin in koma gona ruwa ya cinye min fangali huɗu, dashen duk ya kwanta.

Ni dai ban gane ba. Na juya abin ta kowane gefe. In maganata ce ta yi maka zafi, ni za ka hukunta, ka aiko a zane ni a gaban gida, zan kwanta. Me Uwa ta yi? In kuɗin kotu ne, ga shi na ba Baballe. In tsoron wurin aiki kake, na sake komawa wurin Hajiyar nan na tambaya, ta ce takardar ba inda za ta sai ofishinsu. In kuma so kake mu zo har Jalingo mu durƙusa, ka faɗa, sai in san me nake ciki. Ba ƙarya aka ce ka rantse a kai ba. Gaskiyar da kowa ya sani ce, har awakin gidanmu.

Kuma yanzu gidan ya juye a kaina. Daren jiya bayan cin tuwo ina faɗa, sai Uwa ta ce, "Yaya, wa ya rubuta sunan da ke kan katin?" To, ni ne. Shekara biyu da suka wuce masu yin kati suka zo filin firamare. Ta ce a sa yadda yake a takardun makaranta, na ce a'a, katin ƙasa ba wasa ba ne, sunan yanka ake sawa, ni na karanta a jikin allonsu. Na karɓe fom ɗin na cike da hannuna, har mutane suna miƙo min nasu. Ba na musu. Amma ni gaskiya na rubuta, tun yaushe gaskiya ta zama laifi? Ta ce, "Kai da shi duk ɗaya kuke, kowa ya rubuta ni yadda ransa ya so, ba wanda ya tambaye ni."

Na ce to yanzu ga shi ana tambayar shi ya ƙi amsawa. Sai ta ce kada in sake rubuta maka. Wai in bar ka, ban san komai ba. Na ce to sanar da ni mana! Ta tashi ta shiga ɗaki. Da safe na ga ta ɗaure takardunta a leda ta sa a ƙasan akwati, ta fita taya Inna turara shinkafa. Ta ce wa Inna jami'a ba gudu take ba, wata shekarar ma akwai. Kai ma ka san babu wata shekarar. Wanda ya zauna a bakin tukunyar shinkafa shekara guda a garin nan, a nan ake samunsa.

Ga shi na rubuta duk da ta hana. Kwana goma sha uku suka rage, Baballe kuma sawu ɗaya zai ƙara yi kafin nan. Na daina tsammanin gane ka. Ka sa hannu kawai.

Mudassiru

*

Jalingo
9 ga Nuwamba

Ɗana Mudassiru,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Allah ya mayar maka da dashen da ruwa ya ci. Kuɗin kotu na mayar wa Baballe, ka sayi iri da su.

Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, na sa ta tsakanin kwali biyu don kada ta lanƙwashe. Ka duba hatimin da kwanan wata kafin ka kai.

Ba fushi na yi ba. Abin da ka faɗa na keke da tinkiya gaskiya ne, kuma shawarar da na ba ku ba mai kyau ba ce. Na san haka tun ina rubuta ta.

Ka ce gaskiyar da kowa ya sani ce. A wurinku haka ne. A nan ba wanda ya sani. Mun zo garin nan da Uwa goye a bayan Kulu, wata biyu bayan Yaya ya ba mu ita. Shekararmu goma sha ɗaya da aure a lokacin, Allah bai ba mu ba. Ranar da muka sauke kaya matar maƙwabci ta leƙo ta ce, Maman yarinya sannu da hanya. Kulu ta dube ni, na dubi ƙasa, ba wanda ya gyara mata. Ba mu taɓa cewa mu muka haife ta ba, ba mu kuma taɓa cewa ba mu ba ne. A unguwar nan in ka ce Dalhatu sai an tambaye ka wanne. Baban Uwa ake ce min. Ranar jana'izar Kulu mai sanarwa Maman Uwa ya ce, da sunan aka kai ta. Da na mayar muku da yarinyar, don namiji shi kaɗai ba ya riƙe budurwa, cewa na yi ta tafi karatu wurin dangi. Ita Uwa ta san duk wannan. Tana da wayo tun tana ƙarama, kuma ba ta taɓa tona mu ba.

Magatakardan kotun nan, Malam Abdulsamad, sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci. Yana cikin waɗanda na faɗa wa 'yata ta sami jami'a. Sau biyu ina zuwa har ƙofar kotun ina juyawa. Na yi tunanin in hau mota in je wani gari inda ba a san ni ba, har na je tasha. Sai na ga shekarata hamsin da takwas, ina neman inda zan ɓuya in faɗi gaskiya. Na dawo.

Ranar Juma'a da safe na shiga. Ya ce, "A'a, Baban Uwa, me ya kawo ka wurinmu, ko an taɓa ka ne?" Na miƙa masa rubutun Hajiyar. Ya karanta. Ka san ba na ji sosai, don haka ban san ƙarfin muryata ba. Ashe da na zo faɗin ba ni na haife ta ba, har waɗanda ke baranda sun ji. Ya buga hatimi, ya rako ni har titi, abin da bai taɓa yi ba. A masallaci da muka haɗu ya ce, Malam Dalhatu, ina gajiya. Ba da mugunta ya faɗa ba, rasa abin da zai kira ni ya yi.

Kada ka karanta wa Yaya wannan. Ita ma ba sai ta gani ba. Ku dai yi sauri ku kai, ta tafi karatunta.

Baffanka,
Dalhatu

*

Gidan Tambaya
24 ga Nuwamba

Zuwa ga Baffa Dalhatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, ruwan ɗumin ya yi aiki. Na sake dashe, ya kama.

Baballe ya iso ranar 13, taya biyu ya fasa a hanya. Ranar 14 muka kai wa Salim ya ɗora, na kuma kai wa Hajiya kwafi da hannuna don ban yarda da kwamfutar nan ba. Na karanta rantsuwarka sau huɗu a mota ina neman kuskure, ban samu ba.

Wasiƙar kuwa ban bi umarninka ba. Ba da gangan ba ne. Na saba duk takardar da ta zo a tsakar gida nake buɗewa in karanta da ƙarfi, don ni ne mai karatun gidan. Sai da na kai ƙarshe na ga inda ka ce kada a karanta. Da ka sa shi a farko. Inna ta yi kuka. Baba ya ce min, "Kai, bakinka ya fi hankalinka sauri," kuma ban amsa ba, ka tambayi kowa, wannan ne karo na farko. Abin da na rubuta maka na cewa da faɗuwa ta yi, ka yaga shi. Ban iya irin wannan maganar ba, amma ka gane.

Shekaranjiya suna ya fito. Ta samu, rijista da ɗaki duka, jami'a kuma ta ce duk wanda ke cikin jerin ya zo ya yi rijista. Sai dai na kusa fasa wa Salim kwamfuta. Na bi jerin nan daga sama har ƙasa sau biyu ina neman Halimatu Sa'adiyya Muhammadu Sani, babu. Har na fara zage-zage, Uwa ta sa yatsa ta ce ga ni nan. Baffa, Uwa Dalhatu suka rubuta.

Na kira Hajiya na ce an yi kuskure. Ta ce ba kuskure, sunan da jami'a ta ɗauke ta da shi suke bi, kuma shi za a rubuta a digirinta in ta gama. Na ce to rantsuwar fa? Ta ce rantsuwar tana cikin fayil. Na ce wato mutum ya je ya rantse ba 'yarsa ba ce don ku rubuta ta da sunansa? Ta ce in gaishe da mutanen gida. Wallahi har yanzu ban gane me muka yi ba.

Na dawo ina tsoron faɗa wa Baba. Ya ce in karanta masa layin. Na karanta. Ya ce in sake. Na sake. Ya murza gwiwa, sannan ya ce, "Ka sa a buga shafin nan a takarda ka aika masa, ya nuna a masallacin nasu." Ga shi nan a ciki. Lamba ta arba'in da bakwai ce, na ja mata layi da jan biro.

Uwa ta ce in bar mata wuri a ƙasa. Ban san me za ta rubuta ba, ta ce ba da ƙarfi ake karanta wannan ba.

Ɗanka,
Mudassiru

Baba, ni ce. Litinin zan tafi. In an yi hutun farko Baballe zai kawo ni, ka sa a share ɗakin. Takalmi lamba talatin da tara nake sawa yanzu.